Binciken Mai Reno: Yaushe Ya Kamata A Yi Shi?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya sanya 'ya'ya amana a wuyan iyayensu, Ya kuma sanya mutuncin talaka abin kiyayewa daidai da mutuncin mai dukiya. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a yau akwai gidaje masu yawa a Kano da Kaduna da Zariya da Sakkwato da sauran birane inda uwargida take fita aiki da safe, ba ta komowa sai bayan azahar ko la'asar. Wata malamar makaranta ce, wata ma'aikaciyar jinya, wata tana ofishin gwamnati, wata kuwa karatu take yi a jami'a. A da can, lokacin da ake zaune a babban gida, yaro ba ya rasa kaka ko gwaggo ko abokiyar zaman uwarsa da za ta goya shi. Yanzu kuwa miji da mata suna zaune su kaɗai a gidan haya, dangi suna nesa, in hutun haihuwa ya ƙare sai a shiga neman mai reno. Akan same ta ta hannun dillaliya, ko ta bakin maƙwabta, ko ta wajen wani ɗan'uwa da ke ƙauye, wani lokaci ma ta hanyar talla a waya.

A nan ne mutane suka rabu biyu. Waɗansu suna cewa bin bayan mace ana tambayar halinta munana zato ne, Musulmi kuwa an umurce shi da kyautata zato, saboda haka a karɓe ta a dogara ga Allah. Waɗansu kuma suna cewa zamani ya lalace, a bincike ta ciki da waje, a ci gaba da sa mata ido har ranar da za ta bar gidan. Kowane ɓangare yana da ɗan rabo na gaskiya. Amma in an duba da kyau za a ga cewa yawancin zaluncin da ake yi a wannan babi, ko ga yaro ko ga mai reno, daga kuskuren lokaci yake tasowa. Tambaya guda ce za ta zama nasiha in an yi ta yau, ta zama cin mutunci in an yi ta gobe.

Asalin hukuncin

Abin da ya kamata a fara tsayarwa shi ne, yaron da za a bayar ba dukiyar iyayensa ba ce. Mutum yana da ikon ya ba wanda bai sani ba rancen kuɗinsa, in sun salwanta hasararsa ce, kuma zai sami ladan kyakkyawar niyya. Amma ba shi da ikon yin wannan karamci da ran jariri wanda ba ya magana, ba ya iya kai ƙara, ba ya ma iya nuna inda yake masa ciwo. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya bayyana cewa kowane mutum makiyayi ne kuma za a tambaye shi a kan abin kiwonsa, ya ambaci namiji a kan iyalinsa, mace a kan gidan mijinta da 'ya'yansa, mai hidima kuma a kan dukiyar maigidansa. Wanda za a tambaya ranar lahira, ya wajaba ya yi tambaya a duniya.

Alƙur'ani mai girma ya kawo labarin ɗaukar ma'aikaci a cikin Suratul Ƙasasi. Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya isa Madyana yana baƙo, ya shayar da dabbobin waɗansu mata biyu. Ɗayarsu ta shawarci mahaifinta ya ɗauke shi aiki, ta kafa dalili da siffa biyu, ƙarfi da amana, kamar yadda ya zo a aya ta 26. Masu tafsiri sun ambata cewa mahaifin ya tambaye ta yadda ta san haka, ta faɗi abin da ta gani da idonta a bakin rijiya da kuma a kan hanya. Bayan wannan ne aka yi yarjejeniya, aka yanke wa'adi, shekara takwas ko goma in ya so cikawa. Mai karatu zai lura da jerin yadda abin ya gudana. An fara ganin mutumin, sa'an nan aka ji shaidar wanda ya gan shi yana aiki, sa'an nan aka ƙulla magana.

Haka kuma a lokacin hijira, a shekarar 622, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da Sayyidina Abubakar sun yi jingar wani mutum daga ƙabilar Banu Dili, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, domin ya nuna musu hanya. Mutumin yana kan addinin Ƙuraishawa a lokacin, amma gwani ne a sanin hanya, kuma sun amince da shi har suka ba shi raƙumansu biyu, suka yi alkawarin haɗuwa a kogon Sauru bayan kwana uku. Wannan ya nuna cewa amana aba ce da ake saninta ta hanyar mu'amala, kuma ana saninta kafin a miƙa abin da ake jin tsoron salwantarsa.

To, ina matsayin ayar da ta hana zato da leƙen asiri da yi da mutane? Wannan aya ita ce ta 12 a Suratul Hujurati. Amma a cikin wannan sura ɗin, aya ta 6 ta yi umurni da a tabbatar da labari kafin a yi aiki da shi, don kada a cuci mutane cikin jahilci a koma ana nadama. Ayoyin biyu ba su saɓa wa juna ba. Abin da aka hana shi ne tonon abin da mutum ya ɓoye tsakaninsa da Ubangijinsa alhali bai shafi mai tonon ba. Abin da aka yi umurni da shi kuwa shi ne neman sani a inda hakkin wani ya rataya. Imam Nawawi, wanda ya rasu a shekarar 676 ta hijira, ya lissafa wurare shida a cikin Riyadus Salihina inda ambaton aibin mutum ya halatta, daga cikinsu akwai shawara a kan wanda za a aura, ko a yi tarayyar ciniki da shi, ko a ba shi ajiya, ko a yi maƙwabtaka da shi. In har ya halatta a tambayi halin wanda za a ba ajiyar buhun gero, babu shakka wadda za a ba ajiyar ɗa ta fi cancanta a tambayi halinta.

Sauri da jinkiri

Akwai binciken da ake yi kafin lokacinsa. Misali, an gaya wa uwargida sunayen mata biyar masu neman aiki, tun ba ta ga ko ɗaya ba sai ta baza tambaya a unguwanni biyar. Ƙarshenta ɗaya za ta ɗauka, amma ta ji sirrin biyar, ta kuma sa an tayar da tsohon zancen mata huɗu waɗanda ba abin da zai haɗa ta da su. Malamai sun ce abin da aka halatta saboda bukata, gwargwadon bukatar ake yinsa. Matuƙar ba a yi niyyar ɗaukar mace ba, babu bukatar da za ta halatta jin aibinta, saboda haka zancen yana nan a matsayinsa na giba. Ban da wannan, wata tana cikin aiki a wani gida ne, tana neman canji a asirce saboda ƙarancin albashi ko wulakanci. In aka je wa uwar ɗakinta da tambaya ba da saninta ba, sai a kore ta a ranar, sabon gidan kuma ya ce ya sami wata. Ta rasa nan, ta rasa can, kuma mai tambayar ce sanadi.

Akwai kuma binciken da ake yi bayan lokacinsa ya wuce, wannan shi ya fi yawa. Hutu ya ƙare, gobe Litinin, dillaliya ta kawo yarinya da magariba, aka ce ta kwana, da safe aka miƙa mata jariri da mabuɗi. Sai bayan mako biyu, in wani abu ya ɓace ko yaro ya faɗi, a fara tambayar daga ina take. Wannan ihu ne bayan hari. A cikin watan Afrilu na 2015, a Legas, wata mai reno da aka ɗauka ta hanyar talla a intanet ta gudu da yara uku na gida ɗaya kwana guda bayan fara aiki, ana neman kuɗin fansa, sai bayan kimanin mako guda aka same su. Irin wannan ba shi da yawa in an gwada da dubban mata masu riƙon amana da ke aiki a gidaje, kuma ba daidai ba ne a shafa musu laifin mace ɗaya. Amma ya isa ya nuna cewa kwana ɗaya ma yana iya zama jinkiri.

Jinkirin yana cutar da mai reno ita ma. A mazhabar Imam Malik jinga tana halatta in an yanke wa'adi an ambaci lada, kamar yadda Ibn Abi Zaid ya faɗa a cikin Risala, kuma da zarar an ƙulla ta ta lizimci ɓangarorin biyu. Gaskiya ne malamai sun ba mai jinga zaɓin warwarewa in ta bayyana cewa ma'aikacin ɓarawo ne, amma ba su ba shi wannan zaɓi saboda wata jita-jita da ya tsinta daga baya ba. Macen da aka ce wa an ɗauke ta, ta yi sallama da tsohon wurinta, ko ta biya kuɗin mota daga ƙauye, ta gaya wa iyayenta ta sami aiki. In bayan kwana goma aka ce ta tattara kayanta domin an ji wani zance, an saɓa mata alkawari, kuma an sa mata tabo, gama duk wanda ya ji an sallame ta da wuri zai ce da walakin. Da a ce an yi tambayar kafin a ba ta magana, da ta wuce abinta ba wanda ya sani.

Saboda haka lokacin da ya dace yana tsakanin waɗannan biyu. A fara ganinta, a zauna da ita, a faɗa mata aikin da ladan, a ga yadda take ɗaukar yaro da yadda yaro yake sakewa da ita. In hankali ya kwanta da ita har an ƙudurta ɗaukarta, to a nan za a dakata, kafin a furta kalmar yarda, a ce mata za a yi tambaya a kanta, a nemi ta faɗi waɗanda suka san ta, a yanke mata rana ta kusa da za ta ji amsa. Hausawa sun san wannan tsari a sha'anin aure. Ba a binciken asalin duk saurayin da ya yi sallama a ƙofar gida, kuma ba a bari sai an sa rana sa'an nan a fara tambaya. Ana yi ne bayan an ga da gaske yake, kafin manya su ba da magana.

Wani zai ce, in an gaya mata za a yi tambaya, ai sunayen masoyanta za ta bayar. Haka ne, kuma wannan ba dalili ba ne na ɓoye mata. Sanar da ita ba ya hana a tambayi waɗanda ba ta ambata ba, kamar maƙwabta da mai unguwa, muddin an gaya mata za a yi haka. Abu ɗaya da za a kiyaye shi ne gidan da take aiki a halin yanzu, kada a je can sai da izninta. Yadda ta karɓi maganar ma wani sani ne. Mai gaskiya takan ce a je a tambaya, har ta kwatanta gidan. Wadda ta kasa faɗin unguwarsu, ko sunan mahaifinta ya canza tsakanin safe da yamma, ta riga ta ba da amsa.

Wani kuma zai ce bukata ta matsa, babu kwana ukun da za a jira. Wanda ya san watan da hutu zai ƙare tun ranar suna, bai kamata ya kira wannan larura ba. Amma in larurar ta gaske ce, kamar rashin lafiya ko tafiyar gaggawa, akwai mafita. A yi jinga ta ɗan gajeren wa'adi sananne, mako ɗaya ko biyu, da lada sananne, a gaya mata sarai cewa ci gaba ya dogara ga abin da tambaya ta nuna. A cikin waɗannan kwanaki kada a bar ta ita kaɗai da yaro, a sami wani babba na gida ya zauna tare da su. In wa'adi ya cika a biya ta cikakken hakkinta, ko za ta zauna ko za ta tafi.

Wa za a tambaya

An ruwaito cewa wani mutum ya zo gaban Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, yana yabon wani mai shaida. Umar ya tambaye shi ko shi maƙwabcinsa ne na kusa wanda ya san darensa da ranarsa, ya ce a'a. Ya tambaye shi ko sun taɓa tafiya tare, ya ce a'a. Ya tambaye shi ko sun taɓa mu'amalar kuɗi, ya ce a'a. Sai Umar ya nuna masa cewa bai san mutumin ba, ganinsa kawai ya yi a masallaci. Malaman Malikiyya sun bi wannan hanya a babin tsarkake shaidu. A cikin Muhtasar na Shaihu Halil an sharɗanta mai tsarkakewa ya zama mai wayo wanda ba a yaudararsa, ya dogara ga daɗewar zama ba ga jin labari ba, kuma ya kasance daga kasuwar mutumin ko unguwarsa.

In an ɗora wannan ma'auni a kan halin da ake ciki, za a ga cewa yawancin abin da ake kira shaida ba shaida ba ne. Cewa yarinya tana da kunya, tana sa hijabi, tana gaisuwa har ƙasa, duk abubuwa ne masu kyau, amma ba su faɗi abin da take yi in jariri ya yi kuka sa'a biyu ba ya shiru kuma ba kowa a gida. Maganar dillaliya ma ba ta isa ba, ko da ita mutuniyar kirki ce, domin tana da la'ada a cikin lamarin, shari'a kuwa ba ta karɓar shaidar wanda yake jawo wa kansa amfani da ita. Wanda ya fi cancanta a tambaya shi ne gidan da ta taɓa yi wa reno, sa'an nan maƙwabtan da suka daɗe da ita. Ya kamata kuma wani daga gidan ya taka da ƙafarsa ya ga inda iyayenta ko mijinta suke, domin lambar waya kowa yana iya amsa ta.

Tambayar ma a yi ta a kan abin da ya faru. In aka ce yaya halinta, amsar da za a samu ita ce babu laifi. Amma in aka tambayi tsawon zamanta a gidan, da shekarun yaran da ta rena, da abin da ta yi ranar da yaro ya yi zazzaɓi uwarsa ba ta nan, da dalilin rabuwarsu, da ko za su sake karɓarta in ta dawo, to a nan gaskiya take fitowa. Malaman fiƙihu sun sharɗanta wa mai riƙon yaro hankali da iyawa da amana da kuɓuta daga cuta mai yaɗuwa wadda za ta cuci yaron, waɗannan su ne iyakar abin da za a nema. Dalilin mutuwar aurenta, da rigimar gadon gidansu, da abin da ya faru da ita tana budurwa, ba su cikin hakkin mai tambaya. In kuwa akwai yiwuwar ta shayar da yaron, sanin danginta ya zama wajibi ta wata fuskar, gama a mazhabar Malik tsotso ɗaya da ya isa ciki a cikin shekara biyun farko yana haramta aure tsakanin yaron da 'ya'yanta.

Nauyin wanda aka tambaya

Faɗimatu 'yar Ƙaisu ta zo wa Manzon Allah da shawara a kan mutum biyu da suka nemi aurenta, Mu'awiya da Abu Jahmi. Ya gaya mata cewa na farko ba shi da dukiya, na biyu kuma sandarsa ba ta sauka daga kafaɗarsa, ya nuna mata Usamatu ɗan Zaidu. Muslim ne ya ruwaito. Abin lura shi ne, ya faɗi aibi ɗaya ga kowannensu, wanda ya shafi zaman aure, bai ƙara ba. Wani hadisin kuma ya nuna cewa wanda aka nemi shawararsa an ba shi amana ne.

Mutane suna cin wannan amana ta hanya biyu. Akwai uwar ɗakin da ta san mai renonta tana dukan jariri, ko tana ba shi maganin barci don ta huta, amma da aka tambaye ta sai ta yabe ta, ko don kunya, ko don ta rabu da ita lafiya. Wannan ta yi tarayya a cikin duk abin da zai sami yaron gaba. Rufa asirin Musulmi abu ne mai lada, amma ba a rufa shi da jikin jaririn wani. Akwai kuma wadda yarinya ta bar gidanta saboda an hana ta albashin wata uku, da aka zo tambaya sai ta ce ɓarauniya ce, don ta huce haushi. Wannan ƙazafi ne, kuma toshe hanyar abincin miskiniya ne.

Saboda wannan haɗari na biyu, bai kamata a yanke hukunci da bakin mutum ɗaya ba. Risala ta ambata cewa ba a karɓar mutum ɗaya wajen tsarkake shaida ko sukarsa. Maganar a kan kotu take, amma hikimarta ta game. In an ji suka, a nemi wani bakin, kuma a ba mai reno dama ta faɗi nata, ba tare da an haɗa ta faɗa da wanda ya yi maganar ba. Sau da yawa mai ƙarfi shi ke ba da labari, mai rauni ba a tambayarsa. In bayan haka zuciya ba ta natsu ba, iyaye suna da ikon su fasa, domin ƙin ɗauka ba hukunci ba ne a kanta, kuma shakka a kan lafiyar yaro ta isa dalili. Sai dai su sallame ta da kyakkyawar magana, su biya mata kuɗin motarta, abin da suka ji kuma ya mutu a cikinsu.

Akwai wadda ta taɓa yin kuskure ta tuba. In kuskuren bai shafi yara ba, kuma shekaru sun wuce mutane suna shaidar gyaruwarta, to tayar da shi zalunci ne. In kuwa ya shafi cutar da yaro, tubarta tana tsakaninta da Allah, ana fata Ya karɓa, amma a nema mata wani aikin wanda ba reno ba. Akwai kuma wadda ba ta taɓa aiki a gidan kowa ba, kamar bazawara ko matar da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu. Rashin tsohuwar uwar ɗaki ba aibi ba ne. Maƙwabtanta sun ga yadda ta reni nata 'ya'yan, wannan kuwa shaida ce mai ƙarfi.

Ita ma tana da hakkin tambaya

Adalci ya hukunta cewa abin da aka halatta wa masu gida a halatta wa mai reno da waliyyanta. Su ma su tambayi gidan, ko ana biyan albashi a kan lokaci, ko ana dukan masu aiki, ina za ta kwana, akwai samari a gidan ko babu, me ya fitar da wadda ta gabace ta. Buhari ya ruwaito cewa Allah da kansa zai yi husuma ranar alƙiyama da mutum uku, ɗayansu shi ne wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi cikakken aiki, ya hana shi ladansa. Gidan da yake jin haushi in an tambayi halinsa, bai kamata ya tambayi halin kowa ba.

Bincike na gaskiya kuma zai tona wani abu da ake kau da kai daga gare shi, watau shekarun yarinyar. Sau da yawa wadda ake kira mai reno ita kanta tana bukatar reno. Dokar Nijeriya ta hana fataucin mutane ta 2015 ta mai da ɗaukar yaro ɗan ƙasa da shekara 12 aikin gida laifi mai hukuncin ɗauri. Tun kafin doka, hankali ya isa ya nuna cewa 'yar shekara tara ba ta da ƙarfin da ayar Suratul Ƙasasi ta ambata, kuma in jariri ya suɓuce daga hannunta, laifin yana kan wanda ya miƙa mata shi. Haka nan a tabbatar albashin yana isa hannunta ko hannun iyayenta, kada ya maƙale wajen dillaliya.

Bayan an ƙulla

In an ɗauke ta, binciken bayanta ya ƙare, sai kulawa. Anas ɗan Malik ya ba da labari cewa Ibrahim, ɗan Manzon Allah, yana wajen mai shayarwa a unguwannin tudu na Madina, mijinta maƙeri ne, gidan yakan cika da hayaƙi. Annabi yakan tafi can da kansa, ya shiga, ya ɗauki ɗansa ya sumbace shi, sa'an nan ya komo. Ya amince da mutanen gidan, amma bai daina zuwa ba. Iyaye su duba jikin yaro in ana masa wanka, su lura ko yana murna in ya gan ta ko yana firgita, su riƙa dawowa gida wani lokaci ba a sa'ar da aka saba ba. Wannan duk hakkinsu ne. Wanda ya sa kyamara a falo ya gaya mata, kuma kada ya kai ta ɗakin kwananta. Amma binciken jakarta a ɓoye, da karanta saƙonnin wayarta, da ajiye kuɗi a hanya don a gwada ta, wannan shi ne leƙen asirin da aka hana. Anas ya yi wa Annabi hidima shekara goma bai taɓa jin kalmar gundura daga bakinsa ba. Macen da ta san an yarda da ita bayan bincike, ta fi riƙe amana bisa wadda take zaune kullum a ƙarƙashin tuhuma.

Masu cewa a dogara ga Allah sun faɗi gaskiya, amma Tirmizi ya ruwaito cewa wani mutum ya tambayi Annabi ko ya ɗaure taguwarsa ko ya sake ta ya yi tawakkali, aka umurce shi ya ɗaure ta sa'an nan ya yi tawakkali. Ɗauri yana da lokacinsa, shi ne kafin a juya baya. Wanda ya ga mai reno, ya yi tambaya da saninta, ya ji daga bakin fiye da mutum ɗaya, ya yi istihara, ya yanke wa'adi da lada, to ya sauke abin da ke kansa, sai ya fita aikinsa ya bar wa Allah sauran.

Allah Ya shirya zuriyar Musulmi, Ya tsare su daga sharrin masu sharri, Ya ba masu reno ladan wahalarsu, Ya ba iyaye ikon sauke amanar 'ya'yansu da ta masu yi musu hidima. Allah ne Mafi sani.